Wane littafi zan riƙe don shirin jarabawar CCNP Enterprise?

Abu Hafsa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa injiniyoyi da malamai. Ina da takardar shaidar CCNA, wato matakin ƙasa na shaidar ƙwarewa a netwok ta kamfanin Cisco, kuma ina aikin kula da netwok a wata ma'aikata mai rassa kaɗan, inda yawancin abin da nake taɓawa bai wuce suwic da VLAN (raba netwok ɗaya gida-gida) da kuma OSPF (tsarin da rautoci ke musayar hanyoyi da shi) mai yanki ɗaya ba. Yanzu na ƙuduri niyyar hawa matakin CCNP Enterprise, wanda ke gaba da CCNA, sai dai yawan kayan karatun da ake tallatawa ya ruɗa ni: akwai littafin Cisco Press mai kauri, akwai darussan bidiyo na kuɗi da na kyauta, ga kuma masu turo mini fayilolin tambayoyi a WhatsApp suna rantsuwa cewa su ne ainihin abin da ke fitowa. Kuɗin zama ENCOR, ɗaya daga cikin jarabawar CCNP ɗin, dala 400 ne, kuma duk wanda ake biya albashi da naira ya san wannan ba kuɗin da za a yi gangancin asararsa ba ne. Ina roƙon waɗanda suka riga mu su faɗa mini wane jagoran karatu ya kamata in riƙe, da kuma jarabawar da ya dace in fara da ita.

Injiniya Bakatsine ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Hafsa. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Kafin ka sayi ko shafi ɗaya, ka shiga shafin Cisco Learning Network ka sauke jerin batutuwan jarabawar, domin wannan 'yar takardar ce jagorar gaskiya, duk wani littafi kuma sharhinta yake yi. Tun daga sauyin da Cisco ta yi a ranar 24 ga Fabrairun 2020, CCNP Enterprise jarabawa biyu ce: ta tushe, wato ENCOR mai lamba 350-401 da ake yi cikin minti 120, sai ta ƙwarewa guda ɗaya da mutum zai zaɓa, wadda masu harkar rauta (na'urar da ke zaɓa wa bayanai hanya tsakanin netwok) suka fi karkata ga ENARSI mai lamba 300-410, ta minti 90. Jerin batutuwan yana da lambar bugu, kuma ana sabunta shi lokaci zuwa lokaci, alhali littafin da aka buga yana nan yadda yake. Saboda haka ka duba bangon duk littafin da za ka saya, ka tabbatar bugun jarabawar da aka rubuta shi dominsa ya yi daidai da wanda za ka zauna, musamman idan na hannu ne ko kwafin da wani ya ajiye tun shekarun baya.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba a cikin jerin shi ne kalmar aikin da ke farkon kowane layi. Inda aka ce ka bayyana abu, karatu da fahimta sun wadatar. Inda aka ce ka saita, dole hannunka ya san umarnin. Inda kuwa aka ce ka gano matsala ka warware, to nan ne littafi ke gazawa, kuma yawancin ENARSI a kan haka aka gina ta. Babu littafin da ba zai gaya maka cewa bambancin MTU, wato iyakar girman ƙunshin bayanai, na iya hana rauta biyu kammala maƙwabtakar OSPF ba, amma sai ka ɓata saitin da kanka, ka ga sun maƙale a matakin EXSTART, sannan abin zai zauna maka. Haka batun zuba hanyoyin OSPF cikin EIGRP, wani tsarin musayar hanyoyi na daban: idan ba ka ba su ma'aunin farawa ba, hanyoyin ba za su bayyana ba sam, kuma rautar ba za ta yi maka wani ƙorafi ba. Idan aka juya aka zuba na EIGRP cikin OSPF, ma'aunin 20 suke ɗauka da kansu a matsayin E2, wato wani nau'in hanyoyin da suka shigo daga waje. Ka haɗa wurin zubawa biyu, ka bar hanyoyin babu tambari, ka zauna ka kalli yadda suke kewayowa su dawo inda suka fito. Wannan darasin ya fi babi guda amfani.

Packet Tracer, manhajar kwaikwayon netwok ta Cisco, ya yi maka hidima a CCNA, amma a nan ƙarfinsa ya ƙare, domin kwaikwayon umarni yake yi, ba ainihin manhajar rauta ke gudana a cikinsa ba. Kana buƙatar manhajar gwaji irin su GNS3 ko EVE-NG ko Cisco Modeling Labs (CML). Na farko da na biyu ba sa zuwa da manhajar na'urorin Cisco, sai ka nemo ta da lasisi, shi kuwa CML da tasa yake zuwa, har akwai na kyauta mai ɗaukar na'urori biyar. Biyar ɗin sun isa ka gwada iBGP da eBGP, wato nau'in ciki da na waje na BGP, tsarin musayar hanyoyi tsakanin manyan netwok, ka ga dalilin da ya sa ake buƙatar umarnin next-hop-self, ka kuma ɗaga ƙaramin DMVPN (tsarin haɗa rassa da cibiya ta intanet) mai cibiya ɗaya da rassa biyu. A ganina, da ka kashe kuɗi a kan darasin bidiyo na biyu, gara ka ƙara wa kwamfutarka RAM.

Malama Maman Ilham ta amsa:

Na yarda da Injiniya a kan jerin batutuwa da kuma gwaji, amma ina jin ya ɗan rage wa littafi daraja fiye da kima, kuma ina tsoron Malam Abu Hafsa ya fahimci cewa zai iya tsallake shi. Ina koyar da wannan fanni, kuma abin da na fi gani ga masu karatu da bidiyo kaɗai shi ne sun san yadda ake rubuta umarni, amma ba su san dalilinsa ba. Ka tambayi ɗayansu me ya sa rauta ta fifita hanyar da ta zo daga eBGP a kan ta OSPF, sai ya yi shiru, alhali amsar tana cikin jadawali ɗaya: rauta na fifita hanyar da lambarta ta fi ƙanƙanta, kuma eBGP na da tazarar amincewa 20, EIGRP ta ciki 90, OSPF 110, EIGRP ta waje 170, iBGP kuma 200. ENCOR faɗi gare ta, ba zurfi ba. Tana taɓa tsarin gina netwok, da SD-WAN da SD-Access (sarrafa netwok daga cibiya ɗaya ta manhaja), da QoS (fifita wasu bayanai a kan wasu), da tsaro, abubuwan da ba za ka iya ɗaga yawancinsu a laftof ɗinka ba. A waɗannan sassa littafin hukuma ne zai tsara maka tunani, kuma ina ba da shawarar a karanta shi daga farko har ƙarshe sau ɗaya, ana rubuta taƙaitawa da hannu, sannan a koma ga jerin batutuwa ana yi wa kowane layi alama.

Inda littafin ya taƙaita, takardun saiti na Cisco da ke shafinsu kyauta ne, haka ma laccocin taron Cisco Live da aka naɗa. Wanda ke son jin magana daga tushe ya leƙa takardun ƙa'idojin intanet, wato RFC 2328 don OSPF da RFC 4271 don BGP, ko da sashen da ya shige masa duhu ne kawai zai karanta.

Sai kuma sashen sarrafa na'urori ta hanyar manhaja, wanda tsofaffin ma'aikata suka fi gudu. Ba a neman ka zama mai rubuta manhaja, amma dole ka iya karanta ɗan gajeren rubutun Python, ka gane JSON (salon rubuta bayanai) mai kyau da mai kuskure, ka san aikin YANG (harshen tsara bayanan na'ura) da bambancin NETCONF da RESTCONF (hanyoyin saita na'ura ta manhaja), ka kuma san ma'anar lambobin amsa irin su 200 da 401 da 404. Akwai na'urorin gwaji na kyauta a DevNet Sandbox da ake shiga ta intanet. Kada ka bar wannan sashe sai makon ƙarshe.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Ni daga Nijar nake rubutu, kuma ina so in ja hankalin 'yan'uwanmu da suka yi karatu da Faransanci cewa ba a zama ENCOR da Faransanci, don haka tun farko a saba da karanta tambaya da Ingilishi, domin kalma ɗaya kan sauya abin da ake nema. Game da fayilolin da ake turo maka, Malam, tambayoyin sata ne, kuma amfani da su ya saɓa yarjejeniyar da kake amincewa da ita kafin fara jarabawa. Cisco na iya soke sakamako ta kuma haramta wa mutum sake zama. Ko ba a kama ka ba, amsoshin da ke ciki ba wanda ya tantance su, kuma ranar da BGP ya faɗi a wurin aiki da tsakar dare babu zaɓi huɗu da zai fito maka a allo. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Tambayoyin gwaji na halal, waɗanda ke bayyana dalilin da ya sa kowace amsa ta zama daidai ko kuskure, su ne suka cancanci kuɗinka.

Abu Hafsa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura tambayata ta biyu, Injiniya: tunda aikina ya fi kusa da harkar rauta, shin zan iya fara zama ENARSI kafin ENCOR? Sannan a gida ya fi kyau in zauna ko a cibiya?

Injiniya Bakatsine ya amsa:

Doka ba ta hana ba, kowacce ka fara da ita daidai ne, kuma kowacce ka ci za a ba ka shaidar ƙwararre a kanta, sai dai CCNP ba ta cika sai ka haɗa biyun cikin shekara uku. Duk da haka ni ENCOR zan ce ka fara, saboda dalilai biyu: tana shimfiɗa maka OSPF da BGP ɗin da ENARSI za ta zurfafa, kuma ita ce jarabawar da ke ba ka izinin zama gwajin aiki na CCIE Enterprise Infrastructure, matakin da ke sama da CCNP, mai awa 8, idan Allah ya kai ka can. Malama ta yi gaskiya a kan faɗinta, don haka ka bi tsarin da ta ba ka a wannan, ka ajiye nawa na ɓata saiti da gyarawa ya yi maka aiki sosai a ENARSI, wadda kuɗinta dala 300 ne.

Batun wuri kuwa, kamfanin Pearson VUE ke gudanar da jarabawar, a cibiya ko ta intanet da mai sa ido ta kyamara. Idan ba ka da tabbacin wutar lantarki da intanet da ba za su yanke ba na tsawon awa biyu, da ɗakin da babu mai shigowa ko ɗaga murya, ka tafi cibiya. Ka kuma sani cewa a jarabawar Cisco idan ka wuce tambaya ba ka komawa kanta, saboda haka tun a tambayoyin gwaji ka saba wa kanka yanke hukunci sau ɗaya kana kallon agogo, musamman a tambayoyin da za a buɗe maka na'ura a ce ka saita ta.