Hawan dutsen Lion's Head a Cape Town: wanda bai saba hawan dutse ba zai iya?

Malam Isa, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. A watan Disamba mu huɗu daga nan Maraɗi za mu je taron aiki a Cape Town, Afirka ta Kudu, kuma an bar mana yini guda na hutu. Masu masaukinmu sun ce mu hau Lion's Head, wai hawan ba shi da nisa. Cikinmu akwai Alhaji mai shekara 58 da mace ɗaya, ga shi ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu saba da dutse ba. Awa nawa yake ci? Me za mu riƙa? Da safe ya fi ko da marece?

Abdu Ɗan Gulbi:
Wa alaikumus salam Malam. Za ku iya, amma kada kalmar "ba nisa" ta ruɗe ku. Tsayin dutsen mita 669 ne daga bakin teku. Mota tana sauke ku a kan titin Signal Hill, kusan rabin tsayin ke nan, abin da ya rage wa ƙafa bai kai mita 400 ba. Zuwa da dawowa kilomita 5 ne da ɗoriya. Wanda ya saba yana kai ƙoli cikin awa ɗaya, ku kuwa ku ware awa 3 gaba ɗaya har da hutu. Ba a biyan kuɗin shiga.

Farkon hanyar faffaɗa ce, ta tsakuwa, sai dai tana da tudu sosai, kuma nan ne baƙi suke ƙona ƙarfinsu saboda gaggawa. Ku tafi da saurin da za ku iya hira ba tare da haki ba. Hanyar zagaya dutsen take yi tana hawa, shi ya sa kallon yake sauyawa: da fari dutsen Table, babban dutsen garin mai shimfiɗaɗɗen kai, da gaɓar Camps Bay, sannan tekun Atlantika ta buɗe gabanku, can cikin ruwa ga tsibirin Robben inda Mandela ya yi shekara 18 a tsare, daga baya gari da tashar jiragen ruwa su bayyana ƙarƙashinku.

Wahalar tana sama. Hanya ta tsuke, ta koma matakalar duwatsu da tsanin ƙarfe, har ku iso inda ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe kan bangon dutse, ana kama sarƙa da ƙarafan da aka kafa ana jan jiki. Ɗayar ta kewaya, ta ɗan fi tsawo, ba sarƙa. Akwai allo a wurin. Ku bi ta kewaye. Duk sun haɗu a gaba, daga nan zuwa ƙoli sai an sa hannu ana dafa dutse.

Hajiya Rabi Mokoyo:
Malam Isa, ka isar wa ƴar'uwar tamu da wannan. Zane da doguwar abaya ba sa tafiya da tsani, ƙafa tana taka bakin tufa a daidai inda ba a son kuskure. Ta sa wando mai sakin jiki da riga zuwa gwiwa, hijabin ya zama gajere, ta cusa bakinsa cikin riga don iska tana cika shi ta rufe mata ido. Alhaji ma ya bar babbar riga da jallabiya a masauki. Takalmi kuwa kambas mai ƙasan roba mai gurzo, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Silifa da takalmin fata mai sulɓi su ne ke kada mutane, sabon takalmi kuma ya tayar da bororo.

Ba famfo a hanyar, ba ban-ɗaki, inuwa ma kaɗan ce. Kowa ya riƙa ruwa lita ɗaya da rabi zuwa 2, da dabino, a jakar goyo, don hannuwa biyu su zauna sake. Disamba bazararsu ce. Zafin bai kama ƙafar namu na Afrilu ba, amma sanyin iskar teku yana ɓoye ƙishi, mutum bai ankara ba sai ciwon kai da jiri. Ku riƙa kurɓa duk minti 20 ko ba ku ji ƙishi ba. A ɗauki rigar sanyi marar nauyi, ƙoli ya fi ƙasa sanyi, ga gumi a jiki.

Injiniya Lawali:
Batun lokaci, da safe za ku je, ban ga wata shawara ba. A Disamba asuba wajen ƙarfe 4 take, rana ta fito wajen 5 da rabi. Ku yi salla a masauki, ku fara hawa da gari ya waye, kafin ƙarfe 9 kun sauko. Za a kwaɗaita muku faɗuwar rana, wadda take kaiwa kusan ƙarfe 8 na dare, kuma tana da kyau ƙwarai. Amma duk wanda ya tsaya kallonta a ƙoli, cikin duhu zai sauko wurin da ya fi haɗari. Daren da wata ya cika kuwa jama'a kan yi yawa har a yi layi a bakin tsani.

Abin da ya fi komai shi ne iskar kudu maso gabas, wadda take kaɗawa da ƙarfi a wannan lokacin na shekara, kuma ta fi tsananta bayan azahar. Alamarta a fili take: in kun ga farin gajimare ya kwanta kan dutsen Table yana zubowa ta gefe, iskar ta taso. Ko da a ƙasa ba ku ji ta sosai ba, a kan siririn doron da ke kai wa ƙoli tana iya ture mutum. In ta yi ƙarfi, ko gajimare ya rufe kan dutsen, ko an yi ruwa dutse ya jiƙe, ku tsaya daga ƙasan tsani. Rabin hanya ma kallon ya biya.

Ana samun masu ƙwace a duwatsun garin, don haka kada ku rabu, kada ku bar babbar hanya, fasfo ya zauna masauki. Waya ta cika da caji, lambar gaggawa ta salula a ƙasar 112 ce.

Malam Isa, unguwar Zariya:
Allah ya saka da alheri. Alhaji yana ɗan fama da gwiwa. Kuma in salla ta riske mu a waje, ina za mu fuskanta?

Abdu Ɗan Gulbi:
Gwiwa a saukowa take kuka, domin kowane taki nauyin jiki duka yana sauka kanta, ga gajiya, ga tsakuwa tana zamewa. Ya riƙa gajeren taki, ya sauko a karkace inda matakala ta yi tsayi. A tsani ya juya ya fuskanci dutse, mutum ɗaya a lokaci guda, hannu biyu da ƙafa ɗaya a riƙe kafin ya ɗaga ɗayar. Sanda tana taimako a faffaɗar hanya, a sama kuwa sai a ɗaure ta a jaka. In yana da hawan jini ko ciwon zuciya, ya ga likita tun nan gida. Daga yanzu ya riƙa hawa da saukar matakalar bene minti 15 kullum, da tafiya cikin rairayi.

Alƙibla kuma kada ku bi gabas yadda muka saba. Daga Cape Town, Makka tana arewa ne, da ɗan karkata zuwa gabas, kusan digiri 23. In kun sauko, unguwar Musulmi ta Bo-Kaap tana gindin Signal Hill, ƴan mintoci a mota. Can masallacin Auwal yake, wanda aka kafa a 1794, kuma akwai abincin halal a unguwar.