A Gasa Fata Kafin A Kunna Lasifika: Musayar Baitoci

Mai zaure, Madani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga ƙa'ida: kowa ya ɗauki kalma daga baitin ƙarshe na wanda ya gabace shi, ya buɗe nasa da ita.

Da sunan Allah nake buɗewa,
Salati ga Manzo abin yabawa.
Damina ta yi sallama a Gadarif ta Sudan,
Riɗi ya shiga buhu, dawa na nunawa.
Masu biki sun fara kafa rumfa,
Makaɗa na can gida suna shiryawa.
Wani dare yakan zauna a zuciya,
Shekara talatin ana tunawa.
Wani kuwa kafin a naɗe tabarmi,
An manta wanda ya yi rerawa.
Ku da kuka san cikin sana'ar,
Daga ina bambancin ke farawa?

Kawu, Mai Wurno

Farawa daga fata ne, ɗana,
Ba daga inji ko wuta ba.
Kalangu kango ne mai baki biyu,
Ƙugunsa siriri, bai yi ƙiba ba.
Fatar ɗan akuya ake rufa masa,
Mai laushi, ba ta tsohon bunsuru ba.
Tsarkiya ke haɗa baki da baki,
In babu ita, ba zai yi magana ba.
Ka matse a hammata, murya ta hau,
Ka saki, ta sauko, ba ta yi gardama ba.
Raɓar bakin kogin Bahar Azraƙ da dare
Ba ta san darajar fata ba.
Ta sha danshi sai ta saki jiki,
Ka kaɗa, ba za ka ji zaƙi ba.
Sai a hura gawayi a kasko gefe,
Garwashi nake nufi, ba harshen wuta ba.
A kanga ta daga nesa, kamu guda,
Ana juyawa, ba a ajiye ba.
Minti biyu ko uku, ka ƙwanƙwasa,
Ta amsa? To, ba sai an daɗa ba.
A watannin zafi kuwa sai akasi,
Ranar ƙasar nan ba ta san sabo ba.
Kalangun da aka bari a bayan mota
Da azahar, ba zai ga magariba ba.
Fatar takan ɗaure har ta tsage,
Busasshiyar tsarkiya ba za ta jure ba.
A shafa mata man shanu kaɗan tun jiya,
Tsarkiyar kaɗai, ban ce fatar ba.
Kowane makaɗi ya zo da na canji,
Da gula biyu a jaka, ba guda ba.

Goggo, Kasala

Guda ce igiyar goge, Kawu,
Amma ta ishi fili baki ɗaya.
Gashin wutsiyar doki aka tara,
Aka ɗaure bisa rabin ƙwarya.
Fatar guza ce rufin bakinta,
Jaki na tsaye yana ɗauke da igiya.
In jakin ya zame ko da kaɗan ne,
Sautin ya koma kukan tsanya.
Izga ba ta kamawa sai da ƙaro,
A nan ne sabon shiga ke ɓatan hanya.
Ƙasar nan ƙaron hashab ya wadata,
Sai ya zaci shi ne na gaskiya.
Hashab narkewa yake a ruwa,
Gumi ya taɓa shi, ya koma miya.
Luban ake nema, busasshe mai ƙamshi,
Shafa huɗu ko biyar sun biya.
In ya yi yawa sauti ya yi kaushi,
In ya gaza, izga ta yi ta zamiya.
Gashin nan ba ya shiri da maiƙo,
Mai cin agashe ya tsaya a baya.
Dalluka kuwa gangar mata, ta yumɓu ce,
A daren lalle ita ce sarauniya.
Ita ma ɗumin garwashi take so,
In ta faɗi ta fashe kamar tukunya.
Garin nan ya haifi A'isha Falatiya,
Ta buɗe wa mata sabuwar hanya.
Rediyon Umdurman ya watsa waƙarta,
Daga birni har ƙauye ta shiga zuciya.
Ta rasu a 1974, Allah Ya jiƙan ta,
Abin da ya tsaya mata shi ne murya.

Yaya mai kayan sauti, Gadarif

Goggo ta taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Makaɗi zai kwana yana gyara, mai jan waya ya ɓata masa cikin minti ɗaya.

Murya, Goggo, amana ce a hannunmu,
Mu masu waya da jan wuta.
Lasifika a gaba, makirfo a baya,
Wannan doka ba a karya ta.
In makirfo ya fuskanci lasifika,
Sautin ya koma cikinsa ya maimaita.
Shi ne ƙarar nan mai huda kunne,
Har mai waƙa ya kasa ƙarasa ta.
A ɗaga lasifika ta wuce kan mutum,
Mita biyu, bisa ƙarfe a kafa ta.
In tana ƙasa sahun gaba ya kurumce,
Na baya ko kalma ba sa tsinta.
Makirfon mawaƙi yatsu uku daga leɓe,
In ya dunƙule kansa murya ta ƙuntata.
Na kalangu kar ya danne 'yan amshi,
A ja shi taƙi guda daga fata.
Sai babban aboki mai wuyar hali,
Kowa ya san shi, janareta.
A kai shi mita talatin bayan katanga,
Ruri da hayaƙi su nisanta.
Ka haɗa wat na kaya duka a takarda,
Ka ƙara sulusi a kai, ka rubuta.
Kaya na 3,000, inji na 4,000,
Ƙasa da haka zai shaƙe in kiɗa ya tsananta.
Waya mai kauri, ta milimita 2.5,
Siririya kan yi zafi ta rage wuta.
Kar a jona firijin ruwan sanyi a layin,
Duk tashin da ya yi, amfilifaya ke jigata.
Ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa,
Wajen kashewa kuma a fara da ita.
In guguwar habub ta taso daga nesa ja wur,
A kashe miksa, a sa leda a rufe ta.
Gwaji kuwa a gama shi tun la'asar,
Kafin baƙi su cika rumfar mata.

Ƙanwa, Bur Sudan

Baƙi sun watse, Yaya, an kashe inji,
Ga mawaƙi zaune yana share gumi.
Masoyi na so ya matso ya gaisa,
Kwarjini ya hana shi buɗe baki.
Baba, ku kuka ga jiya kuka ga yau,
Ku koya mana yadda ake ladabi.

Baba, Sinnar

Ladabi, 'yata, lokaci ne farkonsa,
Kafin wasa kar a tare shi.
Yana tattara baitoci a ransa,
Hira a sannan takan warwatsa shi.
Akwai sanƙira, shi ne ƙofa,
Duk mai buƙata ya bi ta kanshi.
Sunan ango da na uba da na kaka,
Da garin asali, a rubuta a ba shi.
Suna in ya karkace a bakin mawaƙi,
Dangi sun ji, ba a iya goge shi.
A fili in waƙa ta ratsa mutum,
Ya ɗaga hannu ya kaɗa yatsu gare shi,
Ya ce "Abshir!" yadda ƙasar nan ta saba,
Ya yi liƙi ya ja baya, kar ya tsare shi.
Kuɗi a goshi ko a faranti,
A kan goge sukan kashe sautinshi.
Hannun mai kalangu ba na musabaha ba ne,
Gaisuwar ta jira sai ya sauke shi.
Bayan an tashi a ba shi minti goma,
Numfashi ya dawo, kar a rufe shi.
Ruwan randa, ba mai ƙanƙara ba,
Ko gahawar jabana da citta, a kai mishi.
Sallama, rusunawa, sannu da aiki,
Sai baitin da ya taɓa ki, ki ambata mishi.
Ya fi masa "ka iya" sau ɗari,
Don ya san akwai kunnen da ya bi shi.
Hoto sai da izini, ɗaya ya isa,
Akwai wasu a layi suna jiran shi.
Kar a tsallake yaransa a gaida shi kaɗai,
Su ne ginshiƙan da suka riƙe shi.
Ko Shata, da ya rasu a 1999,
Kalangai da 'yan amshi ke bayanshi.

Inna, Damazin

Bayan dare ya wuce, Baba, sai kaset,
Ko waya, su ke riƙe abin tunawa.
Mai ɗauka kar ya tsaya gindin lasifika,
Ƙarar ta fi ƙarfin waya, sai fashewa.
Ya koma tsakiyar fili, mita goma,
Ya dafe gwiwar hannu, ban da girgizawa.
Ya rufe layin kira kafin a fara,
Kira na shigowa, ɗauka na yankewa.
Tsofaffin kaset da ke cikin akwati,
C-60 rabin awa ne kafin juyawa.
C-90 minti 45 kowane gefe,
Zarensa siriri, mai saurin tsinkewa.
Maƙiyansu zafi da ƙura da maganaɗisu,
Kan lasifika ba wurin ajiyewa.
Wanda ya daɗe a kwance zarensa kan manne,
A sa biro a zagaya shi kafin kunnawa.
A duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zare,
In ya faɗi, murya sai dusashewa.
A goge kan rediyon da auduga da sifirit,
A bar shi ya bushe kafin sakawa.
In zare ya tsinke, a daidaita baki biyu,
Siririn salatif ta baya ake mannawa.
Waya daga ramin abin kunne zuwa kwamfuta,
Sauti a rabi, kar ya kai ja wajen naɗewa.
Yaƙin da ya ɓarke a 2023
Ya raba gidaje da akwatunan tunawa.
Don haka kwafi biyu a garuruwa biyu,
Ɗaya a nan, ɗaya Jidda za a aikawa.
A jikin kowanne a rubuta gari da shekara,
Da sunan mawaƙin da ke rerawa.

Kawu, Mai Wurno

Inna, ki yarda in ƙara biyu a kan naki.

Rerawa ta mawaƙi ce, ban musa ba,
Amma takardar kaset ba ta cika ba,
Sai an sa mai kalangu da mai goge,
Don jikoki ba za su gane hannunsu ba.