Aikin sa kai a gidan yaran titi a Marwa: waɗanda suka taɓa yi ku ba ni shawara

'Yar Barmare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗaliba ce a jami'ar Marwa a Kamaru, shekara ta 2 nake. Akwai wani santir da ke kwanar da yaran titi, maza ne duka, daga shekara 10 zuwa 17, suna neman ɗalibai da za su riƙa zuwa Laraba da yamma da Asabar da safe a koya wa yaran karatu da lissafi. Ba biya, ko kuɗin kilando, wato acaɓa, ba sa bayarwa, kuma sai mutum ya sa hannu kan wata 6. Na je na gani sau ɗaya, wlh tun ranar hankalina bai kwanta ba, wani ƙaramin cikinsu ya biyo ni har bakin ƙofa yana tambayata da Fulatanci ko zan dawo. Damuwata uku ce: egzame, wato jarrabawa, na tahowa, kilando zuwa da dawowa sefa 600 ne daga inda nake, sannan Baba bai sani ba tukun kuma ban san ta inda zan fara masa ba tunda ni mace ce su kuma samari. Litinin zan ba su amsa. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa min gaskiya.

Ɗan Gar Ngaundare:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Mu nan yaran tashar jirgin ƙasa muka yi wa, muna Dang lokacin, inda jami'ar Ngaundare take. Ki sayi sabulu da maganin ƙaiƙayi tun kafin ki fara, ƙazwa ta yi musu yawa, kuma kada ki ba kowa kuɗi a hannu ko dala ce, ki saya masa ƙosai ki tsaya ya ci a gabanki, in kin ba shi kuɗi sholisho zai saya ko tiramol.

Maman Biyu:
Masha Allah 'yata, ladan riƙon maraya ba ƙarami ba ne. Jarirai dai haƙuri suke so, in kina da tsofaffin zannuwa ki kai musu.

'Yar Barmare:
Mama ba jarirai ba ne, manya ne, wasu ma sun fi ni tsawo. Kuma ba duka ne marayu ba.

Mai Shagon Domayo:
Sefa 600 kuma? 'Yan kilando sun ga ɗaliba sun cuce ki. Ni daga Domayo zuwa kasuwar Abatuwar 150 nake biya.

Ɗan Kilando:
Alhaji 150 ɗin a wace shekara? Ka san nawa litar zuwa-zuwa, fetur ɗin bumburutu, yanzu? In dare ya yi ko 300 ba zan ɗauke ka ba.

Tsohon Ɗalibi:
'Yar uwa ni na yi, wata 8, kuma har yau abin na cina, to bari in ba ki labarin ki yanke da kanki. Ina shekarar ƙarshe ta lisans, wato digiri na farko, na fara zuwa wani santir, ba zan faɗi sunansa ba. Akwai yaro ɗan wajen Kolofata, shekararsa kamar 13, ya baro gida lokacin da rikicin Boko Haram ya watsa ƙauyukansu, ya yi zaman Mora, daga nan mota ta kawo shi Marwa yana kwana a rumfunan kasuwa yana wanke kwanuka wa masu abinci. Ranar da na fara da shi ko A bai sani ba, Faransanci kuwa sai gaisuwa. Da Fulatanci muke yi, wani lokaci in haɗa da ɗan Barbarcin da na iya. Wlh cikin wata 5 yaron nan yana karanta allon shaguna, in muna tafiya sai ya tsaya ya karanta min da ƙarfi mutane na kallonmu, lissafi kuwa ya fi ni sauri tunda ya saba da canji. Na samu wani direktan lakol, wato hedimastan firamare, ya yarda ya karɓe shi ya zauna da 'yan CM2, ajin ƙarshe, shi ne na yi kuskuren da ba zan manta ba, na ce masa in sha Allah bana za ka rubuta CEP, jarrabawar gama firamare, na yi maka alkawari.

Da aka zo haɗa dosiye, wato takardun shiga jarrabawa, aka ce ina akt, takardar haihuwa. Ba shi da shi, ba a taɓa yi masa ba. Mutanen santir suka ce su ba su da kuɗin wannan, abinci ma da kyar. Wani mutum da ke zama a bakin wani ofis ya ce in kawo sefa 15,000 zai fitar min cikin sati 3, na cire daga kuɗin da aka turo min na rajista, wannan 50,000 da muke biya duk shekara, na ba shi. Sati 3 ya zama wata 2, daga baya lambarsa ma ta daina shiga. Aka rufe dosiye ba sunan yaron. Ni kuma kunya ta hana ni zuwa, ga egzame ya taso, na yi sati 3 ban leƙa ba, da na koma aka ce ya fita tun kwana 10 bai dawo ba. Na neme shi har na gan shi wajen gadar Pon Ver da tsumma a baki, idonsa ja, na kira sunansa ya dube ni ya ce Malam kai ma ƙarya ka yi min. Bai ƙara cewa komai ba ya tafi. To in kin san egzame zai sa ki ɓace ko na sati 2 ne, ki gaya musu tun ranar farko, kuma kada ki yi wa yaro alkawarin abin da yake hannun wani ofis.

Goggon Garwa:
Innalillahi. Wlh na yi hawaye. Allah ya shirya shi, kai ma Allah ya ba ka ladan niyyarka ɗana.

Mai Shagon Domayo:
15,000 ai kai ma ka yi sake. Ni na yi wa ɗan ƙanena da 7,500 duka har da tambur, wato kan sarki.

Ɗan Kusiri:
Wace 7,500? Mu nan sai da na kashe kusan 30,000, likita ya ba da takardar kimanta shekaru, meri, wato ofishin magajin gari, ta ba da takardar cewa ba a taɓa rubuta shi ba, ga kuɗin motar shaidu 2 zuwa tiribinal, wato kotu, har sau 3 ana ɗagawa.

Ma'aikaciyar Sosiyal:
Ku yi haƙuri, dukkanku ta bayan gida kuka bi. Yaron da wa'adin rajistarsa ya wuce hukuncin kotu ake nema, jujma sufletif, kuma lokaci lokaci alƙalai na fita zaman kotu na tafi da gidanka don 'yan lakol, a nan iyaye ba sa kashe abin kirki. Santir da ya san aikinsa shi zai kai sunayen yaransa ta hannun Afer Sosiyal, ma'aikatar jin daɗin jama'a. Ƙanwata, kafin ki sa hannu ki tambaye su takardar izininsu, ki tambaya wane babba ne zai zauna a ajin tare da ke, kada ki yarda a bar ki ke kaɗai da samari 20 a ɗaki. Shekara 11 nake wannan aikin.

Tsohon Ɗalibi:
Hajiya da girmanki, a shekara 11 ɗin nan kina ina lokacin da nake yawo da dosiyen yaron nan ofis ofis? Sau 2 na je wajen irinku aka ce shef, shugaban ofis, ya tafi taro.

Malam Na Zaure:
Duk kun bar asalin magana. Yarinya ta ce mahaifinta bai sani ba. Ba ta da wata shawara da ta wuce tasa, in ya ce a'a zance ya ƙare. Kuma ku daina haɗa almajirai da yaran titi, almajiri yana da malami yana da wurin kwana.

Ɗan Gar Ngaundare:
Allah gafarta Malam ba wanda ya ambaci almajiri a nan. Amma tunda ka kawo, cikin waɗanda muka samu a tasha akwai waɗanda daga tsangaya suka gudo saboda duka, da bakinsu suka faɗa.

Bafulatanin Pitware:
Ƙanwata in kin samu 'ya'yan Barebari a ajin kada ki wahalar da kanki da lissafi, da ƙirgen kuɗi ake haihuwarsu, ke dai ki riƙe alli da kyau kada su sayar miki da shi.

Kanuri Asali:
Ji bawana yana magana. Ku da sai an ce saniya 2 a tara da saniya 3 kafin ku gane.

Ɗan Njamena:
Mu nan wajen kasuwar Dembe suke da yawa, mutane na ce musu kolombiye, wato 'yan Kolombiya masu shan ƙwaya, sunan ma kaɗai ya isa ya sa yaro ya ƙi mutane. Abin da ya fi ƙona min rai masu zuwa da buhun shinkafa 1 da waya 10, a jera yara a yi hoto a sa a Facebook, ba a sake ganinsu.

'Yar Barmare:
Na gode duka, Yaya labarinka ya tsorata ni gsky amma ya sa na ƙara son zuwa. Hajiya zan tambayi takardar. To maganar Baba fa, in fara gaya wa Inna ne ko in sa kawuna ya same shi?

Ɗan Kusiri:
Ai matsalar akt ba a CEP ta tsaya ba. In ba akt ba katin ɗan ƙasa, in ba kati kuwa tsakanin Kusiri da Marwa kowane shinge sai an sauke ka. Ni da nake da akt ɗina lafiya lau shekara 3 na yi da risifise, takardar wucin gadi kafin kati ya fito, ana buga min tambarin ƙarin wa'adi har takardar ta yage.

Mai Shagon Domayo:
Yanzu ai an canza, kuɗin katin 10,000 ne kuma da intanet ake fara rajista, da can 2,800 muke biya.

Ɗan Kilando:
10,000 a takarda Alhaji. Ni mai sibar kafe kaɗai ya karɓi 2,000 kafin ya cika min, ga sunan mahaifiyata an rubuta shi daban da na kan akt, yanzu an ce sai na koma garinmu an gyara. Akwai wanda ya san ko a Marwa ma ana iya gyarawa?