Nonon da ya rasa baki

Maman Auta:

Assalamu alaikum. Yau mako uku da rasuwar ɗana, watansa tara a duniya. Magana ta gagare ni, sai waƙa. Wanda ya taɓa ɗanɗana irin wannan ya amsa mini da baiti.

Na farka tsakar dare ina laluben shimfiɗa,
Hannuna ya je, bai tarar da kowa ba.

Nono ya kawo a lokacin da ya saba sha,
Jiki bai ji labarin da kunne ya ji ba.

'Yar rigarsa na rataye a bayan ƙofa,
Na ƙi wanke ta, ƙamshinsa bai tafi ba.

Bayana ya yi sanyi tun da aka sauke shi,
Rana ta buga, amma bai ɗumama ba.

An ce da ni Allah ya sa mai ceto ne,
Na ce amin, bakina bai yi gardama ba.

Amma ku da kuka riga ni, ku gaya mini,
Yaya ake da hannun da bai saba da wofi ba?

Baba Malam:

'Yata, kuka ba saɓo ba ne, yi abinki,
Manzon Allah ma ya yi shi a kan ɗansa.

Ibrahim bai cika shekara biyu a duniya ba,
Ya ɗauke shi, ya sumbace shi, ya shaƙi ƙamshinsa.

Ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki,
Harshe kuwa sai abin da ya yardar da Ubangijinsa.

'Ya'ya bakwai aka ba shi, shida suka riga shi,
Nana Faɗimatu kaɗai ta ga ranar wafatinsa.

Ya ce Ibrahim na da mai shayarwa a Aljanna,
Naki ma muna fata can za a ƙarasa nononsa.

Annabi Yaƙubu ya ce haƙuri mai kyau zai yi,
Duk da haka baƙin ciki ya dusashe ganinsa.

Yaya Babba:

Ƙanwata, tawa gudawa ce ta ɗauke ta,
Kwana uku kacal aka kai mini ita kabari.

Daga baya wata nas ta zaunar da ni ta ce,
Ruwan jiki ne ya ƙare, shi ya sa abin ya yi sauri.

Lita guda ta ruwa, a tafasa a bar shi ya huce,
Ƙaramin cokali shida, a shafe, na sukari.

Rabin ƙaramin cokali, kar a ƙara ko kaɗan,
Shi ne iyakar ma'aunin gishiri.

A ba shi kurɓi-kurɓi, kar a yanke masa nono,
Ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14, a kai shi asibiti da wuri.

Da na ji haka wata guda barci ya ƙaurace mini,
Ashe abin da zai taimake ta na cikin kicin ɗina tun fari.

Zargin kai ya ci ni kamar gara a cikin itace,
Har daren da maƙwabciya ta faɗo ɗakina da jariri.

Ido ya zurma, fata in an ja ba ta komawa,
Maɗiga ta loɓa, leɓe ya bushe ya yi fari.

Hannuna na rawa na dama, na ba shi cokali-cokali,
Kafin asuba, ƙanwata, yaron nan ya yi fitsari.

Ban taɓa murnar an jiƙa mini zane irin ta ranar ba,
Shekara 11 ke nan, ya kusa kamo ni tsawo, ya yi ƙwari.

Bai zama 'yata ba, kar in yi miki ƙarya,
Amma a daren na yi barci ba wanda ya ba ni haƙuri.

Baban Biyu:

Yaya, kin faɗi taki, a saurari ta uba,
Wanda ake ce wa daure, kai namiji ne, kar a gani.

Sikila ta ɗauke mini biyu cikin shekara huɗu,
Na binne wa, ban gama juyayi ba na binne ƙani.

Jinina AS, na uwarsu AS, ba mu yi gwaji ba,
Kowane ciki, rabo ɗaya cikin huɗu SS ne, wato sikila, kaico rashin sani.

Daren ƙarshe na ƙaramin na yi yawo da ƙafa da waya,
Ina roƙon wanda ban taɓa gani ba ya ba ɗana jini.

An samu, amma bayan an ja masa mayafi,
Baƙon da ya zo bayarwa shi ya tsaya ya rungume ni.

Tun daga nan duk wata uku nake miƙa hannu,
Leda guda, ba ta kai rabin lita ba, ba ta kayar da ni.

Nawa na AS ba shi aka fi so ga mai sikila ba,
Yakan tafi ga mai haihuwa, ko mai haɗari, ko wani.

Sai na buɗe littafi ina rubuta masu AA da lambobinsu,
In waya ta yi ƙara tsakar dare, na san abin da ya tashe ni.

Saurayi kuma in ya zo mini da zancen aure,
Nakan ce ɗana, ku je gwaji tukuna, ka dube ni.

Goggo:

Ku dakata, mako uku fa ta ce muku!
Gyambo ɗanye ne kuke ɗora wa kaya.

Ni shekara biyu ban iya ɗaukar ɗan kowa ba,
In na ji kukan jariri sai in sake hanya.

'Yata, taimako ba bashi ba ne da ake binki,
Yanzu ke ce kwance, bari a yi miki jinya.

Ɗan wani ba ya toshe gurbin da naki ya bari,
Wanda ya ce zai wuce kamar ba a yi ba ya yi ƙarya.

In ci ya gagara, barci ya gagara, watanni suka ja,
Ki ga likita, ba raunin imani ba ne, ba abin kunya.

Ɗan Autan Zaure:

Goggo, gaskiyarki, ba a yi wa rauni gaggawa,
Ni yaro ne, karatu kawai na yi, a gafarce ni in na taka.

A 1884 taifot ta kashe wani yaro ɗan shekara 15,
Tilon ɗan Leland da Jane Stanford, attajiran Amurka.

Suka gina jami'a da sunansa, aka buɗe ta a 1891,
'Ya'yan wasu ke girbe abin da hawayensu suka shuka.

A 1969 kuma, a Coventry ta Ingila, wasu iyaye suka haɗu,
'Ya'yansu sun rasu a asibiti guda, rashi ya gama su duka.

Su ba gini suka yi ba, zama suke yi tare,
Wanda ya riga shiga ya riƙe hannun sabon mai kuka.

The Compassionate Friends ake ce da su har yau,
Na biyun nan na fi so, Goggo, don kowa zai iya haka.

Maman Auta, bayan wata bakwai:

Baba Malam, Yaya, Goggo, Baban Biyu, Auta, ku yafe shiruna,
Na karanta duka, a lokacin ban iya amsawa ba.

Goggo, taki na bi, na kwanta aka yi jinyata,
Watanni ban ɗauki ɗan kowa ba, ban kuma ji kunya ba.

Makon jiya aka ce wata yarinya ta sauka, ɗan babu rai,
Haihuwar fari ce, ko kukansa ba ta ji ba.

A kwana na uku ƙafata ta kai ni, babu shiri,
Na zauna gefen gadonta, ban ce mata komai ba.

Da mutane suka watse ta dafe ƙirji tana cije leɓe,
Nono ya cika ya yi tauri, ba a gaya mata zai zo ba.

Na jiƙa tawul da ruwan sanyi na ɗora mata,
Na ce tatsi kaɗan don sauƙi, ba har ya ƙare ba.

In kin tatse duka, jiki zai ɗauka ana sha ne,
Zai ƙaro wani, shi bai san an yi rashi ba.

Ta ce, Yaya, ke ma? Na ce, ni ma.
Ta tambayi sunan nawa, an daɗe ba a tambaye ni ba.

Na faɗa mata, ta faɗi wanda ta so ta sa wa nata,
Muka yi ta kiransu, daren bai yi mana tsawo ba.

Rigar nan tana bayan ƙofa har yanzu,
Gobe da safe zan koma, yarinyar ba ta fara cin abinci ba.