Asirans ɗin gida: wane ruwa suke biya, wane ba sa biya?

Maman Nana: Salamu alaikum jama'ar zaure. Mun gama gini a Saga, nan Yamai kusa da kogi, za mu tare kafin damina. Maigida ya ce mu yi wa gidan asirans saboda ruwa. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mana abin da take ɗauka.

Alhaji Sani: Wa alaikumus salam. Allah ya sa gidan albarka ne. Hajiya, in don ruwa ne, ku buɗe ido sosai. A takardar za ku ga "dégâts des eaux", kada ku ɗauka ambaliya ake nufi. Wannan ruwan cikin gida ne: bututu ya fashe a bango, ko ruwan bene ya zubo wa na ƙasa. Ruwan kogi da na sama da ke shigowa ta ƙofa yawanci daban ake sayen kariyarsu, in kamfanin ya yarda ma. Ku ce su nuna muku kalmar "inondation", wato ambaliya, a rubuce, da iyakar kuɗin da za su biya.

Rakiya: Gaskiyar Alhaji ne. Mu da muke Lamorde a 2020, lokacin da kogi ya ɓalle shingen, ruwa har ƙugu a tsakar gida, katifu da buhunan hatsi duk suka jiƙe. Yayana yana da asirans, aka buɗe masa shafin abubuwan da aka cire, ga ambaliya a ciki. Ko dala bai samu ba. Har yau abin na yi mani ciwo.

Maman Nana: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, ƙanwata. To me ya rage ke nan?

Malam Isufu: Da yawa kuwa, Hajiya. Gobara ita ce ginshiƙi, har fashewar butalin gaz. Sai sata, amma wadda aka fasa ƙofa ko taga. In an bar gida a buɗe, da wuya su biya. Akwai kuma haƙƙin maƙwabta: wuta ta tashi gidanku ta ci na kusa, su za su biya shi. Ku nemi a ƙara ta kayan lantarki, don nan Yamai in wuta ta dawo da ƙarfi firigo da tele ke fara tafiya.

Abin da ya fi cutar mutane shi ne rage darajar gida don kuɗin shekara ya yi sauƙi. Gidan miliyan 20 aka rubuta miliyan 10, aka yi asarar miliyan 4, to miliyan 2 za a ba ku. Sannan akwai wani kaso da ku za ku ɗauka a kowace asara, kuma suna cire tsufan kaya.

Alhaji Sani: Na ƙara da wannan. Dokar CIMA, wato dokar asirans ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, wadda Nijar ke bi, ta ce kariya ba ta farawa sai an biya kuɗin, don haka ku riƙe rasit. In abu ya faru, Allah ya kiyaye, kwana 5 na aiki ne mafi ƙarancin wa'adin da kamfani zai ba ku na sanar da shi, sata kuwa awa 48, kuma a je komisariya a yi takarda.

Abdu Bukoki: Mu 'yan haya fa, Baba Alhaji?

Alhaji Sani: Ɗana, ta mai gida ba ta ɗaukar kayanka. Kuma in gobara daga ɗakinka ta tashi, kai za a bi. Akwai ta ɗan haya, ka yi.

Rakiya: Yaya, ku ɗauki hoton kowane ɗaki da kayansa yanzu, har rasit ɗin firigo, ku tura wa wani ɗan'uwa a WhatsApp. Takardun yayana a akwatin ƙarƙashin gado suke, tawada duk ta narke.

Malam Isufu: Ku karɓi farashi wurin kamfanonin asirans uku, misali Leyma, SUNU da CAREN, ku faɗa musu gaskiya cewa gidan kusa da kogi yake, da irin ginin, siminti ne ko da laka a ciki. Ɓoye wannan na iya soke yarjejeniyar gaba ɗaya.

Maman Nana: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Litinin za mu je da maigida. Malam, in mun karɓo takardun zan turo maka shafin abubuwan da aka cire ka duba mana kafin mu sa hannu.

Malam Isufu: Turo duka shafukan, Hajiya, har masu ƙananan rubutun.