Kwanaki shida na Farawa: awa 24 ne, ko akwai wata ma'ana?

Fasto Ishaya: Salama a gare ku 'yan'uwa. Matsayina a fili yake. Kwanaki shida na Farawa sura 1 kwanaki ne irin namu, kowanne awa 24, kuma duk wanda ya mai da su misali ya share wa mai musun tashin Almasihu hanya. Kowane kwana an ba shi lamba, an kuma rufe shi da maraice da safiya, har sau shida. Fitowa 20:8-11 ta ɗora dokar Asabar a kansu: ka yi aiki kwana shida ka huta a na bakwai, domin haka Ubangiji ya yi. In kwanakin Allah miliyoyin shekaru ne, a kan me dokar ta tsaya? Romawa 5:12 kuma ta ce ta wurin zunubi mutuwa ta shigo, alhali dogon zamani yana nufin dabbobi sun daɗe suna mutuwa kafin Adamu.

Malama Rifkatu: Baba Fasto, Fitowa 20 hujja ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma mu tsaya cikin surar. Rana da wata sai a kwana na 4 aka yi su (aya 14 zuwa 19), kuma aikin da aka ba su shi ne raba yini da dare, da ƙayyade kwanaki da shekaru. To kwana ukun farko da me aka auna su? Kwana na 7 ba a rufe shi da maraice da safiya ba, Ibraniyawa 4 kuwa ta yi maganar hutun nan a matsayin abin da har yanzu ake shiga. Ga kuma jerin: kwana na 1 haske da duhu, na 4 masu mulkinsu. Na 2 sarari da ruwaye, na 5 tsuntsaye da kifaye. Na 3 sandararriyar ƙasa da tsire-tsire, na 6 dabbobi da mutum. Ukun farko sun shirya mazauni, ukun baya sun cika shi, kamar mai gida ya gina ɗakuna sannan ya zuba mutane. Marubucin da kansa ya tsara haka.

Zancen tashin Almasihu kuwa, a nan nake roƙon a sassauta. Luka 3:1 ya ambaci shekara ta 15 ta mulkin Tibariyas da sunan Bilatus. A Luka 24 Yesu ya ce a taɓa shi, ya ci gasasshen kifi a gabansu. Bulus a 1 Korintiyawa 15 ya jera shaidu, har da sama da mutum 500, ya ce yawancinsu suna da rai. Rubutun da kansa yake cewa a ɗauke shi tarihi.

Fasto Ishaya: 'Yata, haske ya zo tun kwana na 1, kuma haske da duhu sun isa su yi yini da dare. Wahayi 22:5 ta nuna Allah ba ya jiran rana kafin a sami haske. Kyan tsari kuma ba ya hana abu ya faru yadda aka faɗa. Tsorona da dalili. Dubi yadda Agustin, malamin ikkilisiya na dā, ya yi da misalin Basamariye mai kirki: wanda aka yi wa fashi Adamu ne, 'yan fashin Iblis ne da mala'ikunsa, masauƙin ikkilisiya ce, mai masauƙin kuwa Manzo Bulus. Yesu tambaya ɗaya yake amsawa, wane ne maƙwabcina, ita kuwa ta ɓace a cikin wannan lissafi.

Fada Yohanna: Ranka ya daɗe, gardamar ta girmi kimiyyar zamani nesa ba kusa ba. Orijin na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya riga ya tambaya wane mai hankali ne zai ɗauka an yi kwana uku da maraice da safiya babu rana babu wata. Basil na Kaisariya, a ƙarni na 4, yana wajenka: ya ce in ya ji an ce ciyawa, ciyawa yake fahimta, kuma ya lissafa kwana a awa 24. Agustin, wanda ya rasu a 430, ya tafi a kan cewa Allah ya halicci komai gaba ɗaya, kwanakin kuwa hanya ce ta bayyana aikin daki-daki. Su ukun sun gaskata kabarin Yesu fanko ne. Ke nan ƙofar da ake tsoro an daɗe da buɗe ta, ba ta kai su ga musu ba.

Kukanka a kan wuce gona da iri yana da magani tun da. Toma Akwinas, malamin tauhidin Katolika, ya kafa cewa ba a gina hujjar koyarwa sai a kan ma'anar zahiri, wato abin da marubucin ya nufa da kalmominsa, ko da ya faɗa da adon magana. Fafaroma Pius na 12 a 1943, da Majalisar Batikan ta Biyu a 1965, sun umarci mai fassara ya fara gane irin rubutun da ke gabansa: tarihi ne, waƙa ce, annabci ne.

Dattijo Bulus: Ni ina ganin 2 Bitrus 3:8 ta raba gardama, tunda kwana ɗaya a wurin Ubangiji kamar shekara dubu yake.

Malama Rifkatu: Baba, wannan ayar ba ta taimaki ɓangarena ba. Bitrus yana magana ne a kan haƙurin Allah game da dawowar Almasihu, kuma ya juya zancen a ayar: shekara dubu kamar kwana ɗaya. Ba ma'aunin lissafi ya bayar ba. William Miller, wani mai wa'azi a Amurka, ya mai da kwana 2,300 na Daniyel 8:14 shekaru, mabiyansa suka jira dawowar Almasihu ranar 22 ga Oktoba 1844, wasu har sun bar amfanin gonarsu ba girbi. Masu zahiri ma lissafi ya taɓa kai su nesa. Bishop Ussher a 1650 ya tara shekarun da ke jerin asalin kakanni a Littafi Mai Tsarki ya kai halitta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Amma daga Adamu zuwa ruwan tsufana, nassin Ibraniyanci ya ba da shekara 1,656, na Girkanci 2,242, na Samariyawa 1,307. Matiyu 1:8 kuma ya tsallake sarakuna uku, Ahaziya da Yowash da Amaziya, ya ce Yoram ya haifi Azariya. Jerin asali ba koyaushe yake kawo kowa ba.

Malam Sani: In an ba ni dama, mu ma a Musulunci muna da wannan babi. Alƙur'ani ya ce kwana shida a Suratul A'araf aya ta 54, kuma Ibn Kasir a tafsirinsa ya kawo maganganu biyu: ko irin kwanakinmu ne, ko kowanne shekara dubu, wanda ya jingina ga Mujahid da Imamu Ahmad. Ƙa'idar malaman usulu ita ce magana tana nan a kan haƙiƙarta, ba a karkatar da ita zuwa majazi (adon magana) sai da ƙarina, wato alama daga nassin ko daga yanayin da aka faɗe shi. Da ayar azumi ta sauka, Baƙara 187, mai maganar farin zare da baƙin zare, Sahabi Adiyyu bin Hatim ya ɗauki igiyoyin dabaibayi biyu, fara da baƙa, ya sa ƙarƙashin matashin kansa, yana ta duba su cikin dare ko zai bambance su. Annabi (SAW) ya bayyana masa cewa duhun dare ne da hasken yini. Ƙarinar tana cikin ayar: “na alfijir”. Mai tawili, wato mai barin zahirin magana, shi ne ke da nauyin kawo alamar.

Fasto Ishaya: Allah gafarta Malam, wannan ƙa'idar na karɓe ta hannu bibbiyu. “Ni ne ƙofa” a Yahaya 10 kowa ya san misali ne. A Yahaya 2:21 marubucin ya ce haikalin jikinsa yake nufi. A Galatiyawa 4:24 Bulus ya sanar cewa Hajaratu da Saratu misali yake yi da su. Ina irin wannan sanarwa a Farawa 1? Kuma har yanzu ba a amsa mini Romawa 5:12 ba.

Malama Rifkatu: Alamomina su ne rana a kwana na 4, da kwana na 7 da ba a rufe ba, da Farawa 2:4 da ta tattara aikin duka ta kira shi ranar da aka yi duniya da sammai. Romawa 5:12 kuwa ta ƙarasa da cewa mutuwa ta bi dukan mutane, domin duka sun yi zunubi. Dabba ba ta zunubi. Zabura 104, waƙar yabon halitta, ta ce a aya 21 zakuna suna ruri suna neman abincinsu daga wurin Allah, kuma yabo take yi.

Fasto Ishaya: Mai zabura duniyar bayan faɗuwa yake kallo. Farawa 1:30 ta ce an ba kowace dabba da kowane tsuntsu ɗanyen ganye ya zama abincinsu, Ishaya 11:7 kuma ta ce zaki zai ci ciyawa kamar sa. Ki kawo mini yadda kike karanta waɗannan biyun, 'yata, da alamar da ta ba ki izinin barin zahirinsu.