Banki ya riƙe kuɗin mahaifinmu

Ɗan Fagge: Jama'a ku taya ni jin zalunci. Mahaifinmu ya rasu, kuma da hannunsa ya rubuta sunana a fom ɗin banki a matsayin magajinsa. Na kai musu takardar shaidar mutuwa, wai sai na kawo takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci. Kuɗin ubana kuma sai alƙali ya sa hannu?

Maman Amira: Allah Ya jiƙan Baba. Amma "magajinsa"? Kai kaɗai ya haifa?

Ɗan Fagge: Mu tara ne, ɗaki biyu. Ni ne babba.

Maman Amira: Ɗaki biyu! Ashe da dalili. Gara da bankin ya riƙe.

Abu Sumayya: Babba ba shi da wani kaso na daban. A duba Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Matan biyu tumuni ɗaya za su raba, namiji yana da rabon mata biyu. Kafin nan a biya bashi, a fitar da wasiyya in akwai, kada ta wuce sulusi.

Sarkin Yaƙi: Malam, wa ya tambaye ka fatawa? A Hausa babban ɗa shi ne magaji. Shi ke riƙe gida, shi ke aurar da ƙanne.

Maman Amira: Shi ne kuma ke sayar da gida, ƙanne mata su ji a bakin dillali.

Sarkin Yaƙi: Hajiya, rikicin gidanku ne kika kawo mana nan?

Na Zariya: A banki nake aiki. Sunan da ke fom ɗin nan na wanda za a nema ne in wani abu ya faru, ba ya mallaka masa ko sisi. Kayan gida da dabbobi, in kun daidaita, malami zai raba muku a zaure, ba mai tambayar ku. Amma kuɗin banki, hannun jari da fansho sai da takardar kotu, don in muka ba mutum ɗaya, gobe takwas su kai mu ƙara.

Sarkin Yaƙi: Su kuɗin alat da kuke zabge mana duk wata, wace kotu ta ba ku izini?

Ɗan Birni: Kai dai in katinsa na hannunka kuma ka san lambar, ga masu POS nan a bakin titi.

Abu Sumayya: Subhanallah! In akwai yara ƙanana a ciki, dukiyar marayu kake zuga shi ya ci.

Ɗan Birni: Wasa nake yi, Malam. Kai komai sai ka hau mumbari.

Maman Amira: Ni dai har yanzu bai faɗa ba ko 'yan ɗaya ɗakin sun san ya je bankin.

Ɗan Fagge: Wannan kuma ba ruwanki.

Mai kula da zaure: To, ya isa haka, na rufe. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda bankuna na wahalar da talaka, kuma babban ɗa girmansa daban ne. Ɗan Fagge mun san shi tun yana yaro, ba zai ci haƙƙin kowa ba. Hajiya Maman Amira, a riƙa tauna magana.